Wiskin Sha'ir na Matata Ɗaya: Yadda Ake Fara Saninsa, Yanki Bayan Yanki

Mafi yawan wiskin Sikotland da ake sayarwa a duniya gauraye ne. Johnnie Walker, Chivas Regal da Ballantine's duk haɗi ne na wiski daga matatu da yawa, a ciki har da wanda aka yi da alkama ko masara, aka daidaita su yadda ɗanɗanon bana ba zai bambanta da na bara ba. Wanda aka rubuta wa single malt a jikin kwalba dabam yake: daga matata ɗaya ya fito, da sha'ir kaɗai aka yi shi, don haka halin wannan matatar ne kake ji a baki.

Wiski barasa ce mai ƙarfi. Musulunci ya haramta ta, jihohin da ke bin Shari'a irin su Kano da Zamfara kuma sun hana sayar da ita. Bayanin nan na manya ne waɗanda addininsu da dokar inda suke zaune ba su hana su ba, da kuma ma'aikatan otal da gidajen abinci waɗanda baƙo kan tambaye su bambancin wannan kwalba da waccan.

Abin da doka ta gindaya

Dokar wiskin Sikotland ta 2009 ce ta tsara komai. Kafin a kira wiski single malt na Sikotland, dole ya kasance an yi shi da tsirarren sha'ir da ruwa da yis, a matata ɗaya, a cikin tukwanen tatsa irin na gargajiya da ake cikawa a juye, ba doguwar na'urar da ke aiki ba tsayawa ba. Dole ya kwanta a gangar itacen ok da ba ta wuce lita 700 ba, na aƙalla shekara 3, a cikin ƙasar Sikotland, kuma a can za a ɗura shi a kwalba da ƙarfin da bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Ban da ruwa, abu ɗaya tak aka yarda a ƙara masa, wato launin ƙonannen sukari mai lamba E150a. Wannan ya sa ba a auna tsufan wiski da duhun launinsa. Wani ɗan shekara 8 ya fi ɗan shekara 18 duhu, ko don irin gangar da ya kwana a ciki, ko don an ɗiga masa launi.

Lambar shekarun da ke jikin kwalba tana nufin mafi ƙuruciya a cikin gangunan da aka haɗa. Kwalba mai lamba 12 tana iya ƙunsar ɗan shekara 15, amma babu ɗan shekara 11 a ciki. Idan ba a rubuta shekaru ba, tabbacin da kake da shi shi ne ya cika 3.

Daga ina ɗanɗanon yake fitowa

Doka ta amince da sunayen yankuna 5: Speyside, Highland, Lowland, Islay da Campbeltown. Sabon shiga yakan ɗauka cewa ƙasar yankin ko ruwansa ne ke ba wiski ɗanɗano. Gaskiyar magana, yanki al'ada ce kawai ta yadda mutanen wurin suka saba yin aikinsu. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: hayaƙi, siffar tukunya, da ganga. Wanda ya fahimci waɗannan ukun zai iya hasashen abin da ke cikin kwalba tun bai buɗe ta ba, ko daga wane yanki ta fito.

Ana jiƙa sha'ir kwana 2 zuwa 3, a bar shi ya tsira kamar kwana 5, yadda masu burukutu ke yi wa dawa, don garin da ke cikin ƙwayar ya shirya komawa sukari. Sai a busar da shi a tsayar da tsiron. A nan hayaƙi yake shiga ko ya ƙi shiga. Idan da iska mai zafi kaɗai aka busar, babu hayaƙi. Idan kuwa aka ƙona gawayin fadama a ƙarƙashinsa, wato baƙar ƙasar nan ta ruɓaɓɓun tsirrai da ta yi dubban shekaru tana taruwa a dausayi, hayaƙin yana manne wa ƙwayar tun tana da danshi. A jikin kwalba za ka ga an rubuta peated. Ana auna yawansa da ma'aunin ppm, kashi nawa cikin miliyan. Ga misali daga wiskin tsibirin Islay: Bowmore wajen 25, Lagavulin da Caol Ila wajen 35, Laphroaig 40 da ɗoriya, Ardbeg 50 da ɗoriya, Octomore kuwa ya wuce 100. Amma a jikin tsiron ake yin wannan awon, ba a cikin kwalba ba. Kaso mai yawa yana ɓacewa a wajen tatsa da kuma zaman ganga, shi ya sa tsohon wiski mai hayaƙi ya fi sabo laushi.

Bayan an niƙa tsiron ana kwaɓa shi da ruwa mai zafin digiri 63 zuwa 64, a tace ruwan zaƙin, a zuba yis, a bar shi ya tsimu daga awa 48 har sama da awa 100 a wasu matatun. Gajeren tsimi yana ba da ƙamshin hatsi da gyaɗa, dogo kuma yana fito da ƙamshin 'ya'yan itace. Abin da ake samu a nan giya ce mai ƙarfin kashi 8 ko kusa da haka.

Daga nan sai tukwanen jan ƙarfe. Tatsar farko tana kai ƙarfin kashi 20 zuwa 25, ta biyu kusan kashi 70. A ta biyun ne gwanintar mai tatsa ke bayyana: abin da ya fara fitowa yana da kaifi da warin sinadari, na ƙarshe kuma nauyi da maiƙo, duka biyun ana mai da su tukunya, tsakiyar kaɗai ake ɗiba. Sinadaran hayaƙi masu nauyi a makare suke fitowa, don haka matatar da ke son hayaƙi mai ƙarfi takan jinkirta rufe ɗiba. Jan ƙarfe yana tsotse warin farar wuta daga tururin. Tukunya mai dogon wuya tana sa tururi mai nauyi ya koma ƙasa, mai sauƙin ne kawai ke haurawa. Wuyan tukwanen Glenmorangie ya haura mita 5, wiskinsu kuwa sakayau ne mai ƙamshin fure da lemu. Macallan na amfani da ƙanana gajeru, nasu sai ya fito da kauri. Wasu matatu kamar Mortlach da Talisker da Dalwhinnie har yanzu suna sanyaya tururi a tsohon bututu mai nannaɗe cikin tankin ruwa, inda haɗuwarsa da jan ƙarfe ba ta da yawa, shi ya sa nasu yake da nauyi a harshe.

Ganga ce ke yin babban aikin. Fari fat kamar ruwa wiski yake shiga cikinta, yawanci a ƙarfin kashi 63.5. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai wadda aka riga aka ajiye wiskin bourbon a ciki a Amurka, mai cin lita 200. Dokar can ta ce a sabuwar ganga kaɗai ake ajiye shi, don haka tsofaffin suke kwararowa Sikotland da araha. Ita tana ba da launin zinariya da ƙamshin banila, kwakwa da zuma. Akwai kuma wadda ta sha ruwan inabin sherry na yankin Jerez a Sifaniya, mai cin lita 500, mai ba da launi ja-ja da ɗanɗanon zabibi, dabino, kanumfari, ɓawon lemu da cakulan. Gangar da wannan ne karonta na farko da wiskin Sikotland tasirinta ya fi ƙarfi; wadda aka sake cikawa karo na biyu ko na uku takan bar halin matatar ya fito fili. Kowace shekara kusan kashi 2 cikin ɗari na abin da ke cikin ganga yana bin iska, wannan na cikin dalilan tsadar tsohon wiski.

Kayan aiki da yadda ake ɗanɗanawa

Ba a bukatar kaya da yawa. Kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, irin wanda ake kira Glencairn, ko ƙaramin kofin ruwan inabi idan babu, ruwan gora marar sanyi, cokalin shayi, da takardar rubutu. Faffaɗan tambulan ɗin da ake gani a finafinai na ƙanƙara ne, ƙamshi baya tsayawa a cikinsa.

Zuba mililita 25, ka ajiye kofin minti 5 zuwa 10. Kada ka kaɗa shi da ƙarfi kamar ruwan inabi, domin tururin barasa ne zai taso ya rufe komai. Kawo kofin kusa da hanci a hankali, bakinka a ɗan buɗe, ka shaƙa kaɗan ka janye. Shaƙar farko zafi kawai za ka ji, a ta biyu da ta uku ne ƙamshi ke rarrabuwa. Kurɓin farko ya zama ɗan mitsitsi, na sabar wa harshe ne. Na biyu ka riƙe shi daƙiƙa 10 ya zaga baki kafin ka haɗiye, sannan ka lura da abu uku: abin da ka ji da farko, nauyinsa a harshe, da abin da ya saura bayan haɗiya da tsawon lokacin da ya ɗauka. Rubuta da kalmominka. Idan gyaɗa soyayya ka ji, rubuta gyaɗa soyayya, ko da kamfanin ya ce wani ɗan itacen da ba ka taɓa gani ba ne.

Sai ruwa. Ɗigo 3 ko 4 sun isa ga wiski mai kashi 40 zuwa 43, ka sake shaƙa, za ka ji ƙamshin da ya ɓuya ya fito. Wanda aka rubuta wa cask strength ba a sirka shi ba bayan fitowarsa daga ganga, yakan kai kashi 55 zuwa 60 ko fiye, irin Glenfarclas 105 mai kashi 60 (wannan 105 ɗin ba shekaru ba ne) ko Aberlour A'bunadh. Lissafinsa mai sauƙi ne: mililita 25 na mai kashi 60, idan ka ƙara cokali ɗaya da rabi na shayi, wato mililita 7.5, ya sauko kusan kashi 46. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, don ruwan da ya shiga ba ya fita. Tsohon wiski mai shekara 20 da ɗoriya ba ya jure ruwa, nan da nan yake yin salam. Ƙanƙara ba laifi ba ce ga mai shan nishaɗi, amma sanyi yana kulle ƙamshi, ba ta dace da lokacin koyo ba. Idan ka ga wiski ya yi hazo bayan ruwa ko sanyi, bai lalace ba. Irin wanda ba a tace da sanyi ba ne, yawanci mai kashi 46 ko sama, kuma masana da yawa sun fi son sa don maiƙonsa na nan.

Babbar dabara ita ce kada ka ɗanɗana kwalba ɗaya ita kaɗai. Jera biyu ko uku kusa da juna, mililita 15 kowanne, daga marar hayaƙi zuwa mai hayaƙi, daga mai sauƙin ƙarfi zuwa mai ƙarfi. Ƙananan kwalabe masu mililita 50 sun fi dacewa da wannan fiye da sayen babba mai 700 da ƙila ba za ka so ba. Ka guji yaji, sigari, kofi da man goge baki awa ɗaya kafin zama, kada kuma ka fesa turare.

Yankunan

Speyside ne wurin farawa. Ƙaramin yanki ne a arewa maso gabas, a kewayen kogin Spey, amma matatunsa sun kai wajen 50, babu yankin da ya kai shi. Bayan dokar haraji ta 1823 da ta sauƙaƙa samun lasisi, George Smith na Glenlivet ya karɓi nasa a 1824. William Grant ya fara tatsa a Glenfiddich a garin Dufftown a 1887, kuma wannan gidan ne ya tashi tsaye wajen tallata single malt a ƙasashen waje daga 1963. Salo biyu ne a nan. Glenfiddich 12 da Glenlivet 12 sakayau ne, tuffa da fure da ɗan zaƙi. Glenfarclas, Aberlour da Macallan kuwa na gangar sherry ne, masu duhu da nauyi. Jera Glenlivet 12 da Glenfarclas 15 a zama ɗaya ya fi karanta littafi guda koyar da aikin ganga. Balvenie DoubleWood 12 yana tsakiya: a gangar Amurka ya yi yawancin shekarunsa, aka ƙarasa shi na 'yan watanni a ta sherry. Kada ka ruɗe idan ka ga an rubuta Highland a kwalbar Macallan ko Glenfarclas. Speyside a cikin Highland yake, doka ta bar musu zaɓi.

Highland ya fi kowane faɗi, daga layin da ya taso kusa da Greenock ya nufi wajen Dundee har ƙarshen arewa, don haka ba shi da salo ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka yana da shi ya taƙaita ne. Dalwhinnie 15 zuma ne da laushi. Clynelish 14 yana da wani santsi irin na kakin zuma da da wuya ka same shi a wani wuri. Old Pulteney na garin Wick da Oban 14 suna da ɗan gishiri-gishiri. GlenDronach sherry ne zalla. Glengoyne babu hayaƙi ko kaɗan, kuma a kan iyaka yake zaune: tukwanensa a Highland, rumbunan gangunansa a tsallaken titi cikin Lowland.

Tsibirai, ban da Islay, a doka cikin Highland suke, ko da yake 'yan kasuwa na ware su. Nan ne ya kamata a fara saba wa hayaƙi. Highland Park 12 na Orkney hayaƙinsa kaɗan ne mai ƙamshin fure, saboda tsibirin kusan babu bishiyoyi, gawayin fadamarsa daga ƙananan ciyayi ya samu. Talisker 10 na tsibirin Skye, mai kashi 45.8, ya fi shi zafi, yana barin yajin masoro a maƙogwaro.

Lowland na kudu ne, an san shi da sauƙi, ƙamshin ciyawa da lemun tsami. Auchentoshan kusa da Glasgow sau uku yake tatsa maimakon biyu, shi ya sa nasa ya fita sumul. Glenkinchie na kusa da Edinburgh. Idan zai shiga jeri, a sa shi farko, in ba haka ba sauran za su danne shi.

Campbeltown gari ne guda a ƙarshen zirin Kintyre. A ƙarni na 19 matatunsa sun kai wajen 30, yau saura 3: Springbank, Glen Scotia, da Glengyle mai fitar da Kilkerran, wadda aka farfaɗo da ita a 2004. Springbank na cikin 'yan kaɗan da ke tsirar da sha'irinsu duka da hannu a daɓe, kuma da tukwane ɗaya take yin iri uku: Hazelburn marar hayaƙi mai tatsa uku, Springbank mai ɗan hayaƙi mai tatsa biyu da rabi, Longrow mai hayaƙi sosai mai tatsa biyu. Gida ɗaya, ruwa ɗaya, ɗanɗano uku. Babu hujjar da ta fi wannan nuna cewa aikin hannu ya fi sunan yanki tasiri. Salon garin maiƙo ne da gishiri da wani ɗan wari mai kama da na injin, wanda masoyansa ke nema ido rufe. Samun Springbank 10 a farashinsa na asali yana da wuya yanzu. Glen Scotia ya fi sauƙin samu.

Islay ake barin wa ƙarshe. Matatu uku na gaɓar kudu, Laphroaig da Ardbeg na 1815 da Lagavulin na 1816, suna jere a hanya ɗaya cikin 'yan kilomitoci, amma ba su yi kama ba. Laphroaig 10 aidin ne da bandeji da ciyawar teku, warin asibiti sak, mutum ko ya so shi ko ya tsane shi. Ardbeg 10, mai kashi 46, toka ne da kwalta da lemun tsami a ƙarƙashi. Lagavulin 16 ya fi su natsuwa, hayaƙin kifi banda da zaƙin busassun 'ya'yan itace. Ga mai tsoron waɗannan, Bowmore 12 ko Caol Ila 12 sun fi sauƙin shiga. Kuma ba duk Islay ke da hayaƙi ba: Bruichladdich Classic Laddie ba shi da shi, Bunnahabhain 12 ma kusan haka, yayin da Benriach a tsakiyar Speyside da Ardmore a Highland ke yin mai hayaƙi. Maganar da ake yi cewa iskar teku ce ke shiga ganga ta ba da gishiri a ɗauke ta da taka-tsantsan, domin yawancin Caol Ila ma ba a tsibirin yake kwanciya ba, tankoki ke kwashe shi zuwa rumbunan babban yankin ƙasar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da Laphroaig don an ji sunansa, a ji warin magani, a yanke cewa haka duk single malt yake. Na biyu shi ne sa mai hayaƙi a farkon jeri: yana zama a harshe fiye da rabin awa, duk abin da ya biyo baya toka zai zama. Na uku bin manyan shekaru. Tsakanin 10 da 15 ne halin matata da na ganga suka fi daidaita, kuma nan kuɗi ya fi biyan bukata. Ɗan shekara 25 daga gangar da ta gaji yana iya fitowa da ɗacin katako.

Wanda ya gama zagayen nan zai iya leƙa waje. Japan na yin nata tun da aka kafa Yamazaki a 1923, Ireland na da Bushmills, Taiwan na da Kavalan, Indiya na da Amrut da Paul John. A ƙasashe masu zafi ganga tana aiki da sauri, abin da ke bin iska a shekara yakan haura kashi 10, don haka ɗan shekara 5 a can ba yaro ba ne.

Ajiya, jabu da ƙima

Wiski ba ya ƙara tsufa a kwalba. Ɗan shekara 12 da ya yi shekara 20 a kabad har yanzu ɗan 12 ne. A ajiye kwalbar a tsaye, domin barasa mai ƙarfi tana cinye toshen idan aka kwantar da ita. Hasken rana yana kashe launi da ƙamshi, zafi kuma yana busar da toshe ya sa abin ciki ya riƙa raguwa, don haka a ƙasa mai zafi kamar tamu a nemi kabad mafi sanyi a ɗaki, nesa da taga da kicin, kada kuma a bar ta a but ɗin mota. Kwalbar da aka buɗe tana riƙe kanta shekara 1 zuwa 2 idan ta fi rabi. Da ta sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, iskar da ke ciki ta yi yawa, sai a juye ragowar a ƙaramar kwalba mai murfi gam. Idan toshe ya karye ya faɗa ciki, a tace da tsumma mai tsabta a sauya kwalba.

Jabu matsala ce ta gaske a kasuwannin Najeriya, hukumar NAFDAC ta sha kama masu ɗura haɗin gida a kwalaben manyan kamfanoni. Haɗarin ya wuce asarar kuɗi, domin irin wannan haɗin yakan ƙunshi sinadarin metanol mai makantarwa da kisa. Duba hatimin murfi ko an taɓa shi, duba ko ruwan kwalaben da ke jere ya tsaya a layi ɗaya, duba lambar da aka buga a jikin gilashin, ka kuma guji farashin da ya yi arha fiye da hankali. Masu otal su riƙa fasa kwalaben da suka ƙare ko su lalata takardar jikinsu, don da su ake yin wannan sana'ar. Wanda ya sha wani abu ya fara ganin dishi-dishi, ko ciwon kai mai tsanani da amai suka taso masa bayan awanni, asibiti za a kai shi nan take, ba a jira gari ya waye.

Game da ƙima, mililita 25 na mai kashi 40 shi ne awo ɗaya a lissafin hukumomin lafiya na Birtaniya, kuma shawararsu kada a wuce awo 14 a mako, a rarrabe cikin kwanaki. Kwalba mai mililita 700 awo 28 ce. Zaman ɗanɗana iri uku a mililita 15 kowanne bai kai awo 2 ba idan masu kashi 40 ne, amma mai kashi 60 ya ninka wannan lissafin sau ɗaya da rabi. A ci abinci kafin a zauna, a sha ruwa tsakanin kofi da kofi, kada a tuƙa mota bayansa. Mai juna biyu, mai ciwon hanta ko gyambon ciki, da mai shan maganin barci ko na kashe zafi mai ƙarfi, su bar shi gaba ɗaya.